Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Gwamna Zulum: Wa Ke Da Alhakin Mara Lafiya Tsakanin Asibiti Da Asibiti?

Mai Girma Gwamnan Jihar Borno,
Farfesa Babagana Umara Zulum,
Gidan Gwamnati, Maiduguri.





Ranka ya daɗe, ni mazaunin GRA ne a nan Maiduguri. Ban karanta likitanci ba, ba na kuma siyasa. Amma duk mai gida a unguwar nan da ke da dangi a Biu ko Damboa ko Monguno ko Gwoza ya san gidansa masauki ne na masu jinya. In aka turo mara lafiya cikin gari, wayarmu ce ke fara ƙara, motarmu ce ke fita da tsakar dare, a barandarmu ake shimfiɗa tabarma. Da haka muka haddace hanyar da mara lafiya ke bi daga ɗakin shan magani na ƙauye zuwa gadon babban asibiti, muka kuma san wuraren da ake faɗuwa a kanta.

Kafin in fito fili da wannan magana, ni da wasu maƙwabta mun bi ƙofofin da ya kamata a fara bi. Mun rubuta takardu, mun zauna zaman jira, an tarbe mu da fara'a, an ce za a duba. Ba zan ambaci ofishin kowa ba, domin babu wanda ya wulaƙanta mu. Kowa iyakar huruminsa ya nuna mana. Wannan ya ce ƙananan asibitoci ne nasa, wancan ya ce manya ne nasa, wani ya ce abin da muke magana a kai na tarayya ne. Duk gaskiya suka faɗa. Kukanmu yana tsakanin hurumi da hurumi ne, kuma a faɗin jihar nan kai kaɗai ne za ka kira su duka su amsa a zama ɗaya.

Yaba kyauta tukwici. A ƙarshen 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da sakamakon duba cibiyoyin lafiya 743 na Borno: kashi 35 cikin 100 an rusa su ƙurmus, kashi 29 sun lalace. Kana cikin waɗanda suka tattara wannan kufai tun kana kwamishinan sake gini da tsugunar da jama'a. Da ka hau mulki a 2019 mun ga gine-gine, mun ga ɗaukar ma'aikata, mun ga ka shiga asibitocin cikin gari da tsakar dare kana duba wa ke bakin aiki. Ga kuma sabon asibitin koyarwa na jami'ar jiha a Njimtilo. Babu mai musun waɗannan.

Sai dai kai masanin ruwa da ƙasa ne, a nan ka zama farfesa. Ka fi ni sanin cewa ko tafki ya cika ya batse, in magudanar da ke kai ruwa gona tana yoyo, ƙishi ne zai kashe shuka. Asibitocin da ka gina su ne tafkin, tura mara lafiya daga ƙaramin asibiti zuwa babba ita ce magudanar, kuma tana yoyo. Daga lokacin da ungozoma ta ce "ku wuce gaba, wannan ya fi ƙarfinmu" har zuwa lokacin da wani likita ya ɗora hannu a kan mara lafiyar, babu ma'aikaci ko ofishi guda da za a tambaya in ya mutu. Ya fita daga littafin wancan, bai shiga littafin wannan ba.

Masu bincike sun daɗe da gano wannan giɓi. A Zariya, Farfesa Kelsey Harrison ya bi diddigin haihuwa 22,774 daga 1976 zuwa 1979, ya nuna cewa mutuwa ta fi yin ɓarna a cikin matan da ba su yi awo ba, aka kawo su a makare bayan abu ya lalace. A 1994 Sereen Thaddeus da Deborah Maine suka kasa matsalar gida uku: jinkirin yanke shawarar fita daga gida, jinkirin isa asibiti, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Sannan binciken da aka yi a manyan asibitoci 42 na Nijeriya tsakanin 2012 da 2013 ya ƙirga mutuwar mata 998 cikin haihuwar jarirai masu rai 91,724, kuma mafi yawan matan da suka shiga wannan haɗari sun iso ne rai kwakwai mutu kwakwai. An saba ɗora laifi a kan jinkiri na farko, a ce jahilci ne, a ce maigida ya ƙi ba da izini. Akwai wannan. Amma mutanen da nake magana a kansu sun riga sun fito, sun kawo kansu asibitin gwamnati. Abin da ya same su daga nan, naku ne. Ga koke-kokenmu ɗaya bayan ɗaya.

Na farko, takardar turawa. Na riƙe irinta a hannuna. Fallen littafin makaranta aka yaga, aka rubuta sunan wata mai naƙuda da kalma biyu na Turanci, aka sa hannu. Babu awon hawan jini, babu lokacin da naƙuda ta fara, babu allurar da aka yi mata, babu lambar wayar wanda ya turo ta. Mijin ya ninke takardar ya cusa a cikin hularsa, kafin mu isa gumi ya cinye rabin rubutun. Likitan da ya karɓe ta sai da ya faro daga tushe, yana tambayar matar da ba ta iya magana, ta bakin surukar da ba ta jin Hausa. A jihar da ake Kanuri da Larabcin Shuwa da Babur da Marghi da Fulatanci da wasu harsuna masu yawa, takardar nan ce kaɗai harshen da asibitoci biyu suka haɗu a kai. In ba ta faɗi komai ba, ko dai a maimaita wa mace allurar da aka riga aka yi mata, ko a ji tsoron yi a bar ta haka. Dukansu haɗari ne.

Na biyu, babu mai ɗaga waya kafin a turo mutum. Ana cewa dangi "ku tafi babban asibiti" ne kawai, ba tare da an san ko akwai gado ba, ko likitan tiyata yana nan, ko akwai jini, ko akwai iskar oksijin. Maiduguri ba ta rasa asibitoci ba: ga Asibitin Ƙwararru na Jiha, ga na Umaru Shehu a Bulumkutu, ga na mata da yara na Maryam Abacha, ga na tunawa da Janar Mamman Shuwa, ga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri a hanyar Bama. Amma mai mara lafiya ba ya sanin wanne ke da wuri a daren nan sai ya je ƙofar da kansa. Ya ji "babu gado", ya juya, ya nufi wata ƙofar, ya ji "ku nemo jini leda biyu". Masana sun ƙiyasta cewa zubar jini bayan haihuwa kan iya kashe mace cikin sa'o'i biyu in ba a tare shi ba. Zagaye ƙofa uku a garin nan ya isa ya cinye sa'o'in.

Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya haramta wa asibiti ko ma'aikaci ƙin ba da taimakon gaggawa bisa kowane dalili, har da tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida. Ba na roƙon a ɗaure kowa. Malamar jinyar da ta ce babu gado sau da yawa gaskiya ta faɗa, marasa lafiya ne kwance har a ƙasa. Laifin yana kan tsarin da ya bar ta ba ta san cewa akwai gado a wani asibiti mai tafiyar minti goma sha biyar ba.

Na uku, abin hawa. Tun 2011 aka hana babur a Maiduguri saboda tsaro, Keke Napep ya zama motar asibitin talaka. Ka dubi mace mai jijjiga a cikin Keke: mutum biyu sun tallafe ta, ƙafafunta na reto a waje, ledar ƙarin ruwa a hannun ƙaramin yaro ya ɗaga ta sama, direba yana kauce wa ramuka. Wannan a cikin gari ke nan, inda akwai kwalta. Daga Biu zuwa nan kilomita kusan 190 ne ta Damboa, in hanyar ba ta biyuwa sai a zagaya ta Buni Yadi da Damaturu. Wasu garuruwan ba a fita sai da rakiyar soja, ƙofofin shiga gari kuma ana rufe su in yamma ta yi. Naƙuda ba ta san wannan jadawali ba. Inda kuma aka yi sa'a akwai motar asibiti, maganar da dangi suka fi ji ita ce "ku kawo kuɗin mai".

Ranka ya daɗe, an gwada maganin wannan a wuraren da ba su fi mu arziki ba. Tun a shekarun 1990 masu bincike daga Sakkwato suka haɗa kai da direbobin ƙungiyar NURTW a Jihar Kebbi, aka horar da su ɗaukar mata masu naƙuda, aka ajiye musu asusun mai. Daga baya aka faɗaɗa irin wannan tsari a Jigawa da Katsina da Zamfara da maƙwabciyarmu Yobe, sannan Gombe da Adamawa. A gundumar Ouallam ta Jamhuriyar Nijar an haɗa ɗakunan shan magani na karkara da asibitin gunduma ta hanyar rediyon oba-oba da motar asibiti. A yankin Kayes na ƙasar Mali an haɗa abu uku wuri ɗaya, sadarwa da mota da asusun da gwamnati da jama'a ke zuba wa kuɗi, kuma binciken da aka buga a 2009 ya nuna haɗarin mutuwar matan da aka kai da matsalar haihuwa ya ragu da kusan rabi cikin shekara biyu. A duk wuraren nan motar kaɗai ba ta yi aikin ba. An fayyace wanda zai kira, wanda zai tuƙa, da wanda zai biya, tun kafin ranar buƙata. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na huɗu, ana tura mutane hannu rabbana, ba tare da taimakon farko da zai riƙe su a hanya ba. A Kano, lokacin da aka shigar da allurar magnesiyam salfet manyan asibitoci 10 na jihar tsakanin 2008 da 2009, mutuwar mata masu jijjiga ta faɗo daga kusan kashi 21 cikin 100 zuwa ƙasa da kashi 3. Allura ce mai araha, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda a yi wa mace kashin farko a ƙaramin asibiti sannan a tura ta. Macen da aka yi wa wannan kafin a sa ta a mota da wadda ba a yi wa ba, ba tafiya ɗaya suke yi ba.

Amma ga ɗaya gefen, kuma ina roƙon ka tsaya a kansa. A ƙananan hukumomin Fufore da Mayo-Belwa da Song na Adamawa, daga 2018 zuwa 2020, an bi sawun yaran da zazzaɓin cizon sauro ya yi wa tsanani, waɗanda ma'aikatan ƙauye ke sa wa maganin matsi na atisunet kafin a tura su asibiti. Maganin yana da kyau, an tabbatar da haka a gwaje-gwajen baya. Duk da haka mutuwar yara ba ta ragu ba. Kusan rabinsu ne kawai suka isa asibitin da aka tura su. Yaro ya ɗan farfaɗo, iyaye su ga sauƙi ya samu, kuɗin mota ya yi wuya, sai a zauna, ciwon ya dawo da ƙarfinsa. Har ta kai a farkon 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci ƙasashe su dakata da faɗaɗa amfani da maganin sai sun duba hanyar turawarsu. Darasin a bayyane yake: magani mai kyau a kan lalatacciyar hanya ba ya ceton yaro. Fufore ba ta da nisa da mu, kuma babu dalilin zaton yaran Askira ko Hawul sun fi nasu sa'a.

Na biyar, amsa ba ta komawa. Ma'aikacin da ya tura mara lafiya ba ya sake jin ɗuriyarsa. Bai san ko abin da ya zata daidai ne ba, bai san ko mutumin ya rayu ba, bai san maganin da zai ci gaba da ba shi in ya dawo ba. Mai hawan jini ko ciwon suga ko ciwon ƙoda ya koma gida da ledar magani, in ta ƙare shi ke nan. Shekara da shekaru ma'aikaci yana turawa ba ya koyon komai daga turawar. Paul Bossyns da Wim Van Lerberghe sun buga wani bincike a 2004 a kan malaman jinya na karkarar Nijar, suka gano abin da ba a cika faɗa ba: da yawansu suna jan ƙafa wajen turawa ne don gudun kada mutanen gari su ce sun kasa. Mutum ne shi kaɗai a ƙauye, mutuncinsa shi ne jarinsa. In babban asibiti ba ya aiko masa da ko layi biyu na godiya da bayani, in ma har ana kushe shi a gaban dangin mara lafiya, gobe zai riƙe wanda ya kamata ya tura.

Jama'a kuma suna gani. In sun lura ƙaramin asibiti ba ya da wata alaƙa da babba, sai su tsallake shi. A Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ilorin, binciken da aka buga a 2004 ya duba sababbin marasa lafiya 1,416, ya samu 100 kawai ne aka turo, saura duk kansu suka kawo. Ina da yaƙinin in aka ƙirga a nan za a ga abu mai kama da haka. Sakamakonsa shi ne mai mura da mai zawo sun cika layin ƙwararren likita, wanda aka ɗauko daga Dikwa yana jira a waje. Asibitin koyarwa na hanyar Bama kuwa, tun da aka buɗe shi a 1983, ba Borno kaɗai yake ɗauka ba, har da jihohin maƙwabta da mutanen Kamaru da Chadi da Nijar.

Na shida shi ne uwa uba: babu mai ƙirgawa. Wanda ya cika a cikin Keke ko a bakin shingen bincike ba ya shiga rajistar kowa. Ƙaramin asibiti ya rubuta "an tura", babban asibiti bai taɓa ganinsa ba, dangi suka juya da gawa, aka yi jana'iza kafin azahar, aka ce kwana ya ƙare. Mun yi imani da ƙaddara, amma addininmu bai hana a binciki sababi ba. Rahoton da zai iso teburinka a ƙarshen wata zai nuna kowane asibiti ya yi ƙoƙari, domin mamatan suna a wurin da babu mai rubutu. Mafi yawan alƙaluman da na kawo maka na Zariya ne da Kano da Adamawa da Ilorin da Mali. Ya kamata gwamnan Borno ya iya tambaya a ba shi na Borno: a watan jiya mutum nawa aka tura, nawa suka isa, cikin sa'a nawa, nawa suka rayu.

Abubuwa uku sun sa maganar ba ta jira. Gwamnatinka ta rufe sansanonin 'yan gudun hijira na cikin gari tun daga 2021, ta mayar da jama'a garuruwansu. Mutumin da a da yake sansanin Bakassi, tafiyar minti kaɗan zuwa ɗakin tiyata, yanzu yana Baga ko Banki ko Ngoshe. Mayar da shi gida alheri ne, amma ya zo da alhakin hanyar dawo da shi in ciwo ya tashi. Sannan a farkon 2025 Amurka ta dakatar da yawancin tallafinta, ƙungiyoyin agaji da ke riƙe da asibitoci da motoci a ƙananan hukumomi suka fara naɗe tabarma. Na uku, ambaliyar madatsar Alau ta 10 ga Satumban 2024 ta shiga asibitin koyarwa da Asibitin Ƙwararru a lokaci guda, muka ga yadda gari ke zama in manyan ƙofofi biyu sun rufe ba a tanadi ta uku ba.

A cikin garin nan ma akwai abin koyi. Asibitin haihuwa na Kushari da ƙungiyar likitoci ta MSF ta buɗe a 2024 tare da ma'aikatar lafiya an tsara shi ne tun farko ya riƙa karɓar mata daga ƙananan asibitocin unguwanni. Sai dai abin da baƙo ya kafa yana iya tafiya da baƙon. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, shi ne kuma zai hau ya toshe.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ga roƙonmu.

Na ɗaya, ka naɗa jami'i guda da ofishi guda da za a ɗora wa alhakin tura marasa lafiya a duk ƙananan hukumomi 27, mai ikon zama da hukumar lafiya matakin farko da hukumar kula da asibitoci da hukumar taimakekeniyar lafiya ta BOSCHMA. A kuma rubuta yarjejeniya da asibitin koyarwa da asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke hanyar Baga, domin mara lafiya bai san bambancin gadon jiha da na tarayya ba.

Na biyu, ka ba da umarnin a yi bincike namu na kanmu. Kwalejin koyon likitanci ta Jami'ar Maiduguri tana da malamai da ɗalibai da za su iya. A zaɓi wurare mabambanta, kamar cikin gari da Jere da Biu da Bama da Monguno, a bi sawun duk wanda aka tura na tsawon wata shida, har da damina. A rubuta lokacin da aka ce a tafi, lokacin da aka tashi, abin da aka hau, kuɗin da aka kashe, ƙofa nawa aka ƙwanƙwasa, da yadda aka ƙare. Wanda bai isa ba a bi shi gida a ji dalili. A saurari direbobi da ungozomomi da masu gadin ƙofa, su ne suka fi kowa gani. In an gama a karanta sakamakon da Hausa da Kanuri a gidan rediyon jiha. Kada a ce binciken Arewa ba ya zuwa ko'ina: Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero tana cikin jagororin gwajin E-MOTIVE da aka buga a 2023, wanda ya rage munanan sakamakon zubar jini bayan haihuwa da kashi 60 cikin 100, duniya kuma ta ɗauka.

Na uku, a buga takardar turawa iri ɗaya ga kowane asibiti, na gwamnati da na kuɗi, gajeriya, mai gurbin cikewa, da ɓangaren da babban asibiti zai yage ya mayar da amsa. A haɗa ta da layin waya guda mai aiki dare da rana, wanda mai riƙe da shi ya san gadajen da babu kowa a kowane asibiti. Ba sai an jira kwamfuta da intanet ba. Waya da caja mai hasken rana da allo sun isa a fara.

Na huɗu, a ware kuɗin mai da gyara da alawus ɗin direba ga kowace motar asibiti, a hana karɓar ko sisi daga dangi. Inda babu mota a ɗauki direbobin tasha da masu Keke, a horar da su, a ba su shaida, a biya su a kan lokaci. Ka kuma zauna da shugabannin rundunar Operation Hadin Kai a fitar da ƙa'idar da za ta ba motar mara lafiya damar wuce shinge da dare ba tare da an sassauta tsaro ba. Dokar 2014 ta ware kashi 5 cikin 100 na asusun kula da lafiya matakin farko don jinyar gaggawa, shirin tarayya na motocin asibiti kuma yana biyan jinyar sa'o'i 48 na farko. A tabbatar Borno ta karɓi cikakken rabonta, a kuma sanar da talaka cewa haƙƙinsa ne.

Na biyar, kowane ƙaramin asibiti ya kasance da akwatin taimakon farko da ba ya yankewa: allurar jijjiga, maganin tsayar da jini, ruwan ƙari, maganin zazzaɓi mai tsanani. Kada a tura mai ciwon gaggawa sai da ma'aikaci a gefensa.

Na shida, a riƙa zama wata-wata tsakanin masu turawa da masu karɓa, a duba kowace mutuwa da kowane jinkiri. A yi shi don gyara. In aka mayar da shi zaman neman mai laifi, ma'aikata za su ɓoye gaskiya, rajista ta yi fes, mutane su ci gaba da mutuwa. A ziyararka ta gaba kuma, ka buɗe littafin wani ƙaramin asibiti, ka zaɓi sunaye biyar da aka rubuta wa "an tura", ka ce a gano maka inda suka kwana. Amsar da za ka samu ta fi wasiƙata ƙarfi.

Ranka ya daɗe, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Duk abin da na lissafa bai kai kuɗin gadar sama guda ba, ba shi kuma da ribon da za a yanka a gaban 'yan jarida, shi ya sa yake da sauƙin mantawa. Wa'adinka zai cika a watan Mayun 2027. Lokacin ya isa a yi binciken, a ga sakamakonsa, a mayar da tsarin doka ta hannun majalisar jiha, yadda wanda zai gaje ka zai same shi yana tafiya. Muna roƙon ka sa a amsa mana a fili, ko da da layi kaɗan ne, a faɗa mana wanne daga cikin roƙon nan za a fara da shi da kuma yaushe. Mu kuma a shirye muke mu ba masu bincike duk abin da idonmu ya gani.

Allah ya ja zamaninka, ya sa ka gama lafiya, ya saka maka da alheri a kan abin da ka yi, ya ba ka ikon yin wanda ya rage.



Naka mai biyayya,
Wani mazaunin GRA, Maiduguri,
a madadin maƙwabta masu karɓar baƙin jinya.